TARON 'YAN SIKAWUT: WAƘA TA YI DAƊI, TO INA LABARIN?

Na san da ka buɗo wannan shafi abin da kake jira shi ne in ɗauko wani sabon fim in feɗe maka biri har wutsiya kamar yadda muka saba. To ka yi mini haƙuri, wannan watan na ajiye finafinan Kano gefe guda. Akwai wani fim da gwamnatocinmu suka daɗe suna shiryawa, ana ta maimaita mana shi, 'yan wasa kawai ake canzawa, kuma har yau ban ga wanda ya zauna ya yi masa sharhi ba. Sunan fim ɗin "babban taron matasa na ƙasa". Kashin da ya shafi 'yan sikawut shi zan taɓa yau, domin na taɓa sa rigar, na san daɗinta, na kuma san inda take yi wa mutum ƙaiƙayi.

Fitowar farko ka sha ganin ta a labaran ƙarfe tara. Shugabannin ƙungiya sun shiga fadar gwamnati cikin kaki mai guga. An ɗaura wa mai girma ƙyalle a wuya, an naɗa shi uban ƙungiya, ya ɗaga yatsu uku, an ɗau hoto. Daga nan sai a miƙa kokon bara: za mu yi gagarumin taro, wanda su ke kira jambori, za mu tara dubban yara daga jihohi 36 da Abuja, muna neman tallafi. Mai girma ya ce matasa su ne manyan gobe, ya yi alƙawari, a yi tafi. Fitowa ta biyu fili ne cike da tantuna, ga fareti, ga ganguna, ga babbar wuta da dare. Fitowa ta uku kowa ya naɗe tabarmarsa ya kama gabansa. Tammat. Ba a taɓa nuna mana fitowa ta huɗu ba, wato ranar Litinin ɗin da ta biyo baya a wata makarantar firamare ta ƙauye.

Waɗanda suka girme ni a kallo za su tuna wata ɗabi'a ta zamanin kaset. Tun bayan da Sangaya ya yi kasuwa saboda waƙarsa, wasu furodusoshi suka gano gajeriyar hanya. Sai a fara zuwa situdiyo a buga waƙa, a ɗinka kaya kala biyar, a ɗauki rawa a lambu, a saka a talla, a karɓi kuɗin 'yan kasuwa. Bayan an gama wannan ne za a zauna a ce, to, wai wane labari za mu rataya wa waƙar nan? Ka sayi kaset ka kai gida, waƙa ta wuce, sauran awa ɗaya da rabi babu kai babu gindi. Jama'a, tallafin da ake bai wa babban taron sikawut irin wannan fim ne. Taron shi ne waƙar. Labarin kuwa shi ne ƙaramar ƙungiya ta yara takwas da malaminsu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, kuma wannan labarin babu wanda ya biya kuɗin rubuta shi. Ra'ayina a taƙaice: kada gwamnati ta saki kobo a kan taro sai ta fara biyan kuɗin labari.

Kafin wani ya ce ɗan baƙin ciki ne, bari in faɗa maka inda na fito. A ƙasar Gummi aka haife ni, can na yi ƙaramar sakandare. Muna aji biyu aka kawo mana wani malami, tsohon ɗan sikawut ne, ba zan faɗi sunansa ko na makarantar ba. Shi ya tara mu mu 24, ya raba mu gida uku, takwas-takwas, kowane gida da shugabansa a cikinmu. Duk Laraba bayan la'asar muna ƙarƙashin wata tsamiya. Ya koya mana ɗaurin igiya iri-iri, da yadda ake haɗa makara ta ɗaukar majinyaci da sanda biyu da riguna biyu, da yadda ake danne rauni a tsayar da jini, da haɗa ruwan gishiri da sukari. Ko sisi ba a ba shi ba. Igiyar ma daga aljihunsa ya saya ran kasuwa.

Ana nan sai ga takarda wai za a yi wani babban zango a wata jiha, ana son yara daga yankinmu. Wallahi mako biyu ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyata ta sayar da 'yar akuyarta aka ɗinka mini kaki. Ranar da sunaye suka fito daga ofis, babu ko ɗaya daga cikinmu mu 24. Waɗanda aka rubuta 'ya'yan ma'aikata ne da ba su taɓa zuwa gindin tsamiyar nan ba, ko ƙullin igiya ɗaya ba su iya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kakina aka zo aka ara wa ɗaya daga cikinsu. Na dawo gida ina kuka, tsohuwa ta ce, "Yi haƙuri ɗana, wata shekara kai ma ka tai." Wata shekarar ba ta zo ba. Aka yi wa malamin canjin wurin aiki, ƙungiya ta mutu murus, tsamiya ta koma wurin ɗaure jakuna.

Amma ka san wani abu? Shekaru bayan haka, ina hutun makarantar kimiyya da fasaha inda na yi difloma, babur ya kayar da wani yaro a ƙofar gidanmu, ƙafarsa ta tsage, jini kamar an yanka rago. Mutane sun taru, wannan na cewa a zuba ƙasa, wancan na cewa a kawo man birki. Ni na cire rigata na danne wurin, na ɗaga ƙafar, muka kai shi asibiti. Abin da aka koya mini a gindin tsamiya ne ya yi aiki ranar. Waɗanda suka je zangon da kakina kuwa, abin da suka dawo da shi hula ce da hoto. Tun daga ranar na san inda amfanin sikawut yake, na kuma san inda kuɗin ke tafiya, kuma wuraren biyu ba su haɗa hanya ba.

Mu koma tarihi, don masu kare taro suna son fakewa da shi. Wanda ya kafa sikawut wani hafsan sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell. Da me ya fara? A watan Agusta 1907 ya ɗebi yara kimanin 20 ya kai su wani ɗan tsibiri mai suna Brownsea, ya raba su gida huɗu, suka yi kusan mako guda. A 1908 ya fitar da littafinsa, yara suka riƙa kafa ƙananan ƙungiyoyi da kansu a unguwanni. Abin ya iso Nijeriya a 1915. Babban taron duniya na farko kuwa sai a 1920 aka yi shi a Landan, inda yara kusan 8,000 daga ƙasashe 34 suka haɗu. Ka lissafa da kanka: shekara 13 ana shuka kafin a kira bikin girbi. Taron ya zo ne saboda ƙungiyoyi sun yi yawa har suna marmarin ganin juna. Mu kuwa mun juya abin, muna kiran bikin girbi alhali gonar ko sharar ta ba a yi ba.

Kuma kada ka ɗauka ba mu taɓa yin babba ba. A 1977, shekarar da aka yi FESTAC a Legas aka yi hawan daba a Kaduna, a nan ƙasar aka yi taron 'yan sikawut na Afirka baki ɗaya na farko, a tsaunukan Shere da ke Jos. Har kan sarki aka buga don tunawa da shi. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati ba ta jin nauyin komai. Madalla, an yi, an burge baƙi. To yau kusan shekara 50 ke nan. Ka ɗauki mota daga Mayanci ka bi ta Anka, ka wuce Daki Takwas har Gummi, ka ratsa Bukkuyum, ka tsaya a duk makarantar da ka gani a buɗe ka tambayi hedimasta ina 'yan sikawut ɗinsa. In ka dace zai nuna maka tsohuwar ganga da ɓera ya cinye fatarta. Idan babban taro yana haifar da ƙananan ƙungiyoyi, da na 1977 ya haifa mana jikoki.

Wani zai ce ai matsalarmu rashin kuɗi ne da rashin tsari, da an zuba kuɗi sosai da an ga aiki. To ga Koriya ta Kudu, ƙasar da ke ƙera wayar da ke hannun da yawa daga cikinmu. A watan Agusta 2023 ta karɓi taron sikawut na duniya karo na 25 a wani fili da aka cike daga teku mai suna Saemangeum. Mutum sama da 40,000 daga ƙasashe fiye da 150. An kashe sama da won biliyan 100, kuɗin ƙasar ke nan. Me ya faru? Fili babu inuwa, zafi ya kwantar da ɗaruruwan yara tun kwanakin farko, banɗakuna sun ƙazantu, abinci ya zama abin ƙorafi. Tawagar Ingila mai mutum sama da 4,000 ta kwashe 'ya'yanta, Amurka ta bi bayanta. Daga ƙarshe guguwa ta doso, aka kwashe kowa a cikin motoci sama da dubu. Jaridun ƙasar suka tono cewa kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ne wajen hidimar kwamitin shirya taro, kuma jami'ai sun sha yawo ƙasashen waje da sunan koyon yadda ake yi.

Ka san da me aka rufe taron don a wanke kunya? Da gagarumin wasan mawaƙa a babban filin ƙwallo na birnin Seoul. Tirƙashi! Ashe furodusan da ke rufe ramin labari da waƙa ba a Kano kaɗai yake ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan ƙasar da ke da wuta awa 24 da jiragen ƙasa masu gudu ta yi wannan abin kunya, mai karatu ka gaya mini abin da zai faru ran da aka ce kwamiti a nan gida ya ciyar da yara dubu goma, ya ba su ruwa da makewayi na mako guda. Shi babban taro ko'ina yake a duniya halinsa ɗaya: yana kiran 'yan kwangila kamar yadda mushe ke kiran ungulu. Mai tanti, mai kujera, mai buga riga da hula, mai abinci, mai masauki na manyan baƙi. Yaron da aka yi abin dominsa shi ne na ƙarshe a layi.

Yanzu zo mu je gida, in nuna maka abin da nake nufi da labari. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Nagari Na Kowa, wato MSF, ta gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru da sauransu. Gubar dalma ce. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suna wasa a ciki suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Garin Bagega, inda abin ya fi yawa, sai da ya yi zaman jira. Naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari ba ta fito ba sai farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet. Ka ji fa, kuɗin ceton ran yara sai da aka yi ta kururuwa. Na taɓa jin an yi kururuwa kafin a saki kuɗin biki?

Abin da ke hana wannan guba kashe yaro ba wani sihiri ba ne. Kada a kawo dutse cikin gida. Kada a daka shi a turmin abinci. A jiƙa shi kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi. Mai haƙa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa. A wanke wa yaro hannu kafin ya ci. Wannan saƙo wa zai kai shi lungu-lungu, ya shiga har cikin gida inda baƙon namiji ba ya shiga? Yaro ɗan shekara 13 da yarinya 'yar shekara 13. Su ne ke shiga ko'ina ba a yi musu shamaki. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, an kuma ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba 2024. Dutsen yana nan, dalmar tana cikinsa, kuma yaran da aka haifa bayan 2010 ba su ga gawarwakin ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai Gummi, garinmu. A watan Agusta 2024 ambaliya ta rusa dubban gidaje. Ba a gama share hawaye ba, ranar Asabar 14 ga Satumba, kwale-kwale ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu a ƙetaren gulbi ya kife, gomman mutane suka tafi. Allah Ya jiƙansu. Ba zan yi maka ƙarya in ce da akwai 'yan sikawut da ba wanda ya mutu ba, ajali ba ya jiran kowa, kuma lodin da ya wuce kima laifin manya ne. Amma ka tambayi kanka, a bakin mashayar nan mutum nawa ne suka san yadda ake jefa igiya ga wanda ruwa ya ja ba tare da shi ma mai ceton ya bi shi ba? Mutum nawa ne suka san in an ciro mutum ba ya numfashi, iska ake hura masa a danna ƙirjinsa, maimakon a tsaya ana matsa masa ciki ana jijjiga shi? Wannan karatun mako biyu ne. Muna da Sarkin Ruwa, muna da masunta da suka san gulbin kamar tafin hannunsu. Haɗa su da yara, ka ba su igiya da rigunan hana nutsewa, ka ga sikawut irin namu.

Ga kuma babbar masifar da ta fi kowace. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, hukuma ta ce 58. Tun kafin nan ma garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har wasu suka fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a kammala ba. Yaran da suka tashi a irin waɗannan wurare, wa yake tara su? Yaro ɗan shekara 14 yana son a ce shi ma na wasu ne, yana son shugaba, yana son a ba shi aiki a yaba masa. In ba ka ba shi wannan a gindin tsamiya ba, akwai masu ba shi a daji, da babur da bindiga a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi wannan yaron ba za ka taɓa ganin sa a babban taro ba. Ba shi da kuɗin fom, ba shi da kaki, ba shi da wanda zai rubuta sunansa a ofis, kuma babu uban da zai yarda a ɗora ɗansa a mota a bi da shi waɗannan hanyoyi don a je a yi fareti.

Na san masu suka ta ɗaya ɓangaren ma suna nan, waɗanda ke cewa a bar maganar gaba ɗaya, sikawut kayan Nasara ne. Ban musa asalinsa ba. Baden-Powell sojan mulkin mallaka ne, yana cikin waɗanda suka shiga Kumasi a 1896 suka karya sarautar Asante, mutanen da kakanninmu fatake ke kira Tonawa. Gaisuwar da suke yi da hannun hagu ma, a ƙasar Hausa sai ka yi bayani kafin dattijo ya daina hararar ka. To amma fim fa? Wa ya kawo kyamara? Littafin boko da kake karantawa na soyayya, wa ya kawo injin buga shi? Ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya Indonesiya ce, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a shekaru masu yawa. Duk alhajin da ya taɓa ɓata a Mina ya san yaran nan masu ƙyalle a wuya da ke riƙe hannun tsoho su kai shi tantinsa, 'yan sikawut ɗin Saudiyya ne. Mu ma nan muna da 'yan agaji na Jama'atu da Fityanu da Izala, kuma ka lura, ƙarfinsu daga masallacin unguwa yake fitowa. 'Yan mata kuma suna da tasu ƙungiya daban, malamai mata ke kula da su. Wanda bai son gajeren wando ya ɗinka dogo, magana ta ƙare.

Akwai kuma masu cewa ana ga yaƙi kana ga ƙura, a gama da tsaro tukuna. Wannan maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma shekara nawa ke nan muna jiran a gama? Yaron da aka haifa lokacin da abin ya fara, yau ya isa aure. Sai dai in yarda da su a wuri ɗaya, kuma da babbar murya: kada a kuskura a mayar da 'yan sikawut 'yan sa-kai. Kada a ba su makami, kada a sa su kai rahoton waye ya shigo gari waye ya fita. Ranar da aka yi haka an rataya wa kowane yaro mai kaki takardar mutuwa. Aikin tsaro na sojoji ne da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairu 2024. Na yara shi ne bandeji da igiya da ruwan gishiri da sukari. Haka nan a daina jera su a rana tun safe suna riƙe igiya don tare mutane a taron 'yan siyasa, a sallame su da ruwan leda ɗaya. Wannan bautarwa ce aka sa wa kaki.

Su kuma masu kare taro hujjarsu mafi ƙarfi ita ce haɗin kan ƙasa: yaron Gummi ya kwana tanti ɗaya da yaron Kalaba, su san juna. Wallahi ina son wannan, ni da na yi kukan rashin zuwa. Amma wane yaron Gummi? In ɗan babban ma'aikaci ne da ke karatu a Abuja, ai ya riga ya san yaron Kalaba, ajinsu ɗaya. Haɗin kan da ake yi tsakanin 'ya'yan manya da 'ya'yan manya da kuɗin talakawa, wannan ziyarar dangi ce kawai. Saboda haka ban ce kada a taɓa yin taro ba. Cewa na yi ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in gwamnati za ta sa hannu a aljihunmu, to ga sharuɗɗa.

Na farko, kafin a saki kuɗi, ƙungiya ta kawo jerin makarantun da ke da 'yan sikawut masu aiki a kowace ƙaramar hukuma, a aika a duba, a ga yaran da ido suna ɗaura igiya. Zamfara ƙananan hukumomi 14 gare ta, ba aikin shekara ba ne. Na biyu, cikin kowace naira goma da za a bayar, bakwai su sauka ƙasa: horar da malamai, ɗan alawus da zai riƙe su, akwatin taimakon gaggawa, igiya, rigunan ruwa ga garuruwan bakin gulbi. A horar da malami biyu a kowace makaranta, don in an ɗauke ɗaya kada ƙungiya ta bi shi kamar yadda tamu ta yi. Na uku, babu yaron da zai je babban taro sai wanda ya yi shekara biyu a ƙungiya, kuma 'yan uwansa yara su zaɓe shi, ofis ya sa hannu kawai. A ware gurbi na almajirai da na 'yan gudun hijira, kyauta, har kaki. Na huɗu, bayan taro a buga lissafi a jarida, nawa aka karɓa, wa aka bai wa kwangilar abinci, nawa ya ci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar ma'aikatar da ta fitar da kuɗin.

Kuma ƙofa a buɗe take. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara. Duk makarantar da aka gyara aka yi wa fenti, a ƙara mata abu ɗaya da bai kai kuɗin kwanon rufin aji guda ba: malami mai horo da akwatin agaji da yammacin Laraba. Sarakunanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum in suka ce a yi, iyaye za su saki 'ya'yansu. In ana son zango, a fara da ƙarami, na kwana biyu, a cikin gari inda yake da tsaro, yaran Nasarawar Burkullu su haɗu da na Bagega da na Gummi su gwada wa ya fi iya haɗa makara. An tsara taron duniya na gaba a ƙasar Poland a 2027. Na san tun yanzu akwai masu gyara fasfo. Ina roƙon duk ɗan jaridar da zai raka su filin jirgi ya tambaye su abu ɗaya: yaro nawa kuka horar a yammacin Zamfara bara?

Saura ku 'yan uwana 'yan fim da marubuta, don ba zan tashi ban taɓa ku ba. Kun iya nuna mana gwamna da muƙarrabansa, Kwana Casa'in ya gwada cewa masu kallo suna son a taɓa masu mulki. Kun iya nuna mana falo mai kujeru na alfarma da saurayi mai mota. Yaushe za ku nuna mana yaro ɗan shekara 14 a bakin gulbi da igiya a hannunsa? Yaushe marubuciya za ta ba mu yarinyar da ta hana mahaifinta daka dutse a turmin gidansu, da rigimar da za ta biyo baya tsakaninta da kishiyar uwarta? Ga soyayya, ga tashin hankali, ga hawaye, duk abin da kuke nema yana ciki, kuma ba sai kun saci labarin Indiya ba. In yara suka ga irinsu a allo yana ceton rai, gobe da kansu za su je su tsare hedimasta.

Ni dai kakina ba a dawo mini da shi ba har yau, kuma na yafe. Akuyar tsohuwa ce ban yafe ba. Wanda yake ganin na yi kuskure, musamman shugabannin ƙungiyar, shafin wasiƙu a buɗe yake, amma ku zo mini da sunan makaranta da yawan yara, kada ku zo mini da hoton mai girma da ƙyalle a wuya. Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan finafinai. Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ruwa da daji. Wassalam.